Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Da Shugabannin Hukumomin Kula Da Asibitoci Na Jihohin Arewa: Wa Ke Tsaron Numfashin Wanda Ya Fito Daga Tiyata?

Masu girma kwamishinoni da shugabanni, ranku ya daɗe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni ma'aikacin sa barci ne a ɗakin tiyata na wani babban asibitin jiha, ɗaya daga cikin masu tsayuwa a wajen kan mara lafiya, bayan labule, waɗanda ba a gani a hoton ranar buɗe sabon gini. Na rubuto muku ne a kan sa'a guda kacal, wadda ke farawa daga ɗinkin ƙarshe har zuwa lokacin da mara lafiya zai riƙe numfashinsa da kansa, ya buɗe ido, ya amsa sunansa. A yawancin asibitocinmu wannan sa'a ba ta da mai ita. Likitan fiɗa ya cire safar hannu ya shiga rubutu. Mai sa barci an riga an shigo masa da wata mai naƙuda da ke zubar da jini. Nas ɗin ɗakin kwanciya ba ta karɓi kowa ba tukuna. Mara lafiya yana kan gadon turawa a baranda, an lulluɓe shi da zane, an ce wa danginsa aiki ya yi kyau, suna ta buga waya gida ana hamdala.

Aiki kuwa ya yi kyau. Sai dai bai ƙare ba.

Na san ba dukkanku ne kuka taso daga ɓangaren tiyata ba, don haka ku ba ni dama in yi ɗan bayani. Wanda aka sa wa cikakken maganin barci, ba barci irin na dare yake yi ba. Mai barcin dare in yawu ya bi masa ta hanyar iska zai yi tari ya juya, in harshe ya toshe masa maƙogwaro zai farka. Maganinmu yana kwantar da duk wannan kariya da Allah Ya halicci mutum da ita: tari, haɗiya, da ƙarfin tsokokin da ke riƙe maƙogwaro a buɗe. Sau da yawa muna ƙarawa da allurar da ke sassake tsokar jiki gaba ɗaya, har wadda yake numfashi da ita, sannan mu zura bututu a maƙoshinsa, na'ura ko hannunmu na hura masa iska. Muddin bututun na ciki, hanyar iskarsa a hannunmu take. Amma dole a zare shi a mayar wa mutum abinsa, kuma kariyar nan ba tare take dawowa ba. Akwai wani tsakani, shi ba barci ba shi ba farke ba, inda maƙogwaro ya fara jin taɓi amma ƙwaƙwalwa ba ta dawo ta sarrafa shi ba. A wannan tsakanin ake asarar mutane. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iskar oksijin minti huɗu zuwa biyar ta fara lalacewar da ba ta gyaruwa.

Likitocin sa barci na Birtaniya sun zauna sun ƙirga nasu. Daga Satumban 2008 zuwa Agustan 2009 suka tattara duk wata babbar matsalar hanyar numfashi da ta auku a asibitocin gwamnatinsu, suka fitar da rahoton a 2011, ana kiransa NAP4. A ƙasar da ake sa wa mutum kusan miliyan 2.9 barci a shekara, mai kayan aiki da ma'aikata da wuta ba yankewa, an gano kusan kashi ɗaya cikin uku na matsalolin da suka shafi sa barci a lokacin farkawa suka faru ko a ɗakin farfaɗowa, kuma toshewar hanyar iska ce kan gaba. Shekara guda bayan haka, a 2012, suka fitar da ƙa'idar cire bututu. Jigonta shi ne cire bututu ba gaggawa ba ne, abu ne da kai ke zaɓar lokacinsa, kuma tun kafin ka sa shi ya kamata ka san yadda za ka cire shi da abin da za ka yi in ya ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Namu na nahiyar nan ma an auna. A 2016 an bi marasa lafiya 11,422 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2018. Mutum 239 suka rasu. Duk da cewa sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka na duniya sau biyu. Ba duka ne matsalar numfashi ba, galibinsu ma bayan ranar aikin suka rasu, amma abin da masu binciken suka nuna da yatsa shi ne rashin mai sa ido bayan an fito daga ɗakin tiyata. Sa idon nan kuwa daga minti na farko yake farawa.

Abin da ya fi yawa, kuma ya fi sauƙin magani, shi ne harshe. Mutum na kwance rigingine, magani bai sake shi ba, harshe ya zame baya ya rufe hanya. Sai ya fara minshari mai ƙarfi. Ƙanwarsa da ke zaune a gefe ta ce, Allah sarki, ya samu barci, yana hutawa. Can sai minsharin ya tsaya, ta ce barci ya yi nauyi. Alhali ƙirjinsa na lotsawa ciki, cikinsa na tashi, yana kokawar jan iskar da ba ta shiga. Wanda ya san aiki zai sa yatsu a bayan kusurwar muƙamuƙi ya tura shi gaba, ya juya mutumin kan gefensa, shi ke nan, cikin daƙiƙoƙi. Ba a bukatar kwangila kafin a yi wannan. Mutum ake bukata, mai ido a kansa, wanda aka koya wa.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne ɗamewar maƙoshi, wato igiyoyin murya su haɗe su kulle ƙofar iska saboda ɗigon jini ko majina ko yawu ya taɓa su a wancan tsakanin. Ya fi kama yara, musamman mai mura ko tari, da wanda ake shan taba a gidansu, da wanda aka yi wa aiki a baki ko maƙogwaro. Ketamin da muke dogaro da shi a ƙananan asibitoci yana ƙara yawu, don haka ba kuɓuta ba ne. Farkonsa za ka ji wani siririn sauti in yaron ya ja numfashi, kamar cārar zakaran da ke koyon cāra. In ƙofar ta rufe ruf kuma, shiru ne, kuma shirun ya fi sautin muni. Yaro ba shi da ajiyar iska irin ta babba, nan take oksijin ɗinsa ke zubewa, bugun zuciya ya biyo baya. Maganin sananne ne, kuma bi da bi ake yinsa: a zuƙe abin da ya taɓa wurin, a tura muƙamuƙi gaba, a matsa oksijin zalla da takunkumin fuska, a danna ɗan lungun da ke bayan fatar kunne kamar yadda Dakta Philip Larson ya bayyana a 1998, in bai saki ba a ba da furofofol kaɗan, wato maganin sa barci na jijiya, in ya ƙi a ba da sukolin, allurar sassake tsoka mai saurin aiki. To ranku ya daɗe, sukolin a firiji yake zama. A asibitin da firjin ke kantin magani, kantin kuma a kulle da dare, mabuɗin na hannun wanda ya tafi gida, duk ilimin da na lissafa ba shi da amfani.

Sai ragowar allurar sassake tsoka. Da yawanmu an koya mana mu ce wa mara lafiya ya ɗaga kai na daƙiƙa 5, ko ya matse mana hannu, in ya iya a cire bututu. Bincike ya daɗe da nuna cewa mutum na iya ɗaga kan alhali tsokokin haɗiya da na maƙogwaro ba su dawo ba, don su ne ke zuwa a makare. Ma'aunin gaskiya wata 'yar na'ura ce da ke aika ɗan lantarki sau huɗu a wuyan hannu ta auna motsin babban yatsa. Sai motsi na huɗu ya kai kashi 90 cikin 100 na na farko ake cewa jiki ya dawo. Niyostigmin da muke warware allurar da shi yana ɗaukar wajen minti goma kafin ya gama aiki, kuma ba ya iya warware sassakewa mai zurfi komai yawan da ka ba da. Sugamadeks ya fi shi sauri, amma yana da tsada kuma bai aiki a kan kowace allura. Ban ce ku saya wa kowa shi ba. Na'urar aunawar dai ta kamata ta kasance a kowane ɗakin da ake sassake tsokar ɗan Adam, tare da haƙurin jira minti goman, ko da likitan fiɗa na duban agogo.

Akwai kuma matasa majiya ƙarfi, irin 'yan acaɓa da ake kawo mana da karaya. Yana farkawa ya datse bututun da haƙora, ya yi ta jan iska da ƙarfin ƙirjinsa a kan hanyar da ke toshe, har ƙarfin jan ya tsotso ruwa cikin huhu. Sai ka ga kumfa mai ja-ja na fitowa. Rahoton NAP4 ya samu wannan a kashi ɗaya cikin goma na duk abin da aka kai masa. Rigakafinsa bandeji ne da aka naɗe da kauri aka cusa tsakanin turamen haƙora kafin ya farka. Kuɗinsa bai kai na ruwan leda biyu ba.

Amai kuwa, tun 1946 Dakta Curtis Mendelson na Amurka ya bayyana yadda ruwan ciki ke ƙona huhun masu haihuwa in ya bi ta hanyar iska. Mu nan masu cikakken ciki su ne abincinmu na kullum: mai naƙudar da ta kwana biyu a gida, yaron da taifod ta huda wa hanji, dattijon da hanjinsa ya murɗe. Ga kuma kakar da ta ga jikanta na kukan yunwa da asuba ta ɗura masa koko a ɓoye, aka tambaye ta ta ce ko ruwa bai sha ba. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya zauna ya gaya mata dalili. Irin waɗannan sai an zuƙe cikinsu, an bari sun farka sarai, suna bin umarni, a kwance kan gefe, na'urar zuƙa a kunne a hannu, sannan a zare bututu. Ita ma ƙa'idar azumin a faɗe ta da Hausa a rubuta a bango: awa 6 ba abinci, ruwa zalla har zuwa awa 2 kafin aiki. Wanda aka bar shi ya sha ruwa da izini bai cika satar kunu ba.

Wasu ayyuka biyu sun fi shafar yankinmu. Na farko maƙoƙo. Bayan an cire shi jini na iya taruwa a cikin wuya ya shaƙe mutum, kuma awa 6 na farko su ne mafi haɗari. Ƙa'idar da ƙwararru a Birtaniya suka fitar a 2021 ta ce a ajiye kayan warware ɗinki a gefen gadon mara lafiya duk inda aka kai shi, kuma in wuya ya kumbura numfashi ya fara ƙwacewa, a buɗe ɗinkin nan take a kan gado, ba sai an jira komawa ɗakin tiyata ba. Nas ɗin da ke aikin dare tana bukatar ta ji wannan izini daga sama, a rubuce, domin ba za ta taɓa ɗinkin babban likita da ra'ayin kanta ba. Na biyu yaran da cutar noma ta zaizaye wa fuska, waɗanda asibitin yara na Sakkwato ke yi wa gyara tun 1999, cutar da Najeriya ta jagoranci neman a sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Disamban 2023. Da yawansu muƙamuƙinsu a ɗaure yake. In bututu ya fita aka so mayarwa, ba baki ne da za ka buɗe ka leƙa ba. Duk asibitin da zai karɓi masu zuwa aikin gyaran fuska ko na tsagaggen leɓe na 'yan kwanaki, a tambaye shi wa zai kwana a kan yaran bayan baƙi sun koma masauki. A irin waɗannan ayyuka ne kuma ake cusa auduga a maƙogwaro don tare jini. A rubuta ta a allo, a ƙirga ta da sauran, kada a tashi kowa sai an faɗa da baki cewa ta fito.

Yanzu ga abin da ke hannunku.

Kowane ɗakin tiyata ya samu ɗakin farfaɗowa na gaskiya a jikinsa, ba sito da aka manna wa takarda a ƙofa ba. Na sha ganin ɗakin da aka gina da wannan suna ya koma wurin ajiye karyayyun gadaje ko wurin sallar ma'aikata, saboda ba a taɓa tura masa ko nas ɗaya ba. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin sa barci ta Birtaniya da Ailan ita ce mutum ɗaya a kan mara lafiya ɗaya har sai ya riƙe hanyar iskarsa, jininsa ya daidaita, yana iya magana, kuma kada ma'aikata su kasa biyu a ɗakin muddin akwai wanda bai farfaɗo ba. Na san ƙarancinmu. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya na neman aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, Najeriya ba ta kai 1 ba, kuma kaɗan ɗin ma a asibitocin koyarwa na manyan birane suke. Nas-nas masu horon sa barci ne ke ɗauke da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Shi ya sa ba zai yiwu mutum ɗaya ya sa wa na gaba barci kuma ya tsare na baya ba. A ware guraben nas na ɗakin farfaɗowa a jadawalin aiki, safe da rana da dare, a horar da su, kuma a daina kwashe wanda aka horar ana kai shi ɗakin allurar rigakafi ranar da aka yi sauyin wuraren aiki.

Kayan ɗakin ba masu yawa ba ne. Kowane gado da oksimitarsa, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Ita kaɗai ce na'urar da takardar bin diddigin tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fito a 2008, ta wajabta, kuma ƙungiyar Lifebox tun 2011 take rarraba irin mai batir da ke jure wahala. Kada wani ya ce ido ya isa. Sauyin launin leɓe ba ya saurin bayyana a baƙar fata, a jikin mai ƙarancin jini kuwa yana iya ƙin bayyana sam. Ita kanta oksimitar a san iyakarta: binciken da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan sau uku fiye da farar fata, baƙin lalle da sanyin yatsa na rikita ta, kuma in mutum na shan oksijin tana iya nuna lamba mai kyau alhali numfashinsa ya yi ƙasa saboda maganin kashe zafi irin fentazosin ko na kwantar da jiki irin diyazefam. Don haka a ƙara da na'urar auna iskar da mutum ke fitarwa, ko da guda ɗaya ce a fara da ita, ita ce ke tona tsayawar numfashi tun a shaƙa ta farko. Sai tukunyar oksijin cikakkiya, domin injin tace oksijin yana mutuwa da ɗaukewar wuta, kafin a tada janareta kuma mintocin nan sun wuce. Sai na'urar zuƙa ta lantarki da ta taka-da-ƙafa, jakar ambu, wato ta hura iska da hannu, ta manya da ta yara, gadon da kansa ke sunkuyawa mai shinge a gefe, da ƙaramin firiji da akwatin magungunan gaggawa, har da naloksan mai warware maganin kashe zafi irin fentazosin, a cikin ɗakin, ba a wani gini ba.

Ban san farashin yau na kowane ɗaya ba sai an tambayi 'yan kasuwa, amma kun fi ni sanin cewa duka wannan bai kama ƙafar kuɗin katangar da ake sake wa fenti duk shekara ba.

Hanya tsakanin ɗakin tiyata da ɗakin kwanciya ita ma a yi mata doka. A wasu asibitocinmu tafiya ce mai nisa, a bi baranda, a tsallake fili, da dare da fitilar waya, mai tura gado na gaba ya ba mara lafiya baya, dangi na biye. Kada a fitar da kowa sai ya ci ma'aunin farfaɗowa da Dakta Antonio Aldrete ya tsara tun 1970 ya kuma sabunta a 1995, mai duba motsi da numfashi da hawan jini da hayyaci da oksijin, maki 9 cikin 10. Ma'aikacin lafiya ya raka shi yana tafiya ta wajen kansa, ya miƙa shi hannu da hannu yana faɗin abin da aka ba shi, da ƙarfe nawa, da abin da ake tsoro. Masu jinya kuma, tunda su ne ke kwana a gefen gado ko mun so ko mun ƙi, a mai da su abokan aiki. A gaya musu minshari mai ƙarfi da kakari da numfashi mai tsayawa ba hutu ba ne, su yi ihu, kuma kada nas ta hantare su don sun tashe ta.

Abu na ƙarshe ya fi sauran wuya saboda ba saye ake yi ba. In mutum ya rasu a wannan sa'a, abin da ake rubutawa shi ne zuciya da numfashi sun tsaya, dangi su ce kwana ya ƙare, su ɗauki gawa kafin azahar. Mun yi imani da ƙaddara, amma wannan rubutun bai gaya wa kowa ko bututu aka cire da wuri ba, ko oksijin ne ya ƙare, ko ba kowa a wurin. Ma'aikaci kuma ba zai faɗa ba, don ya san takardar tuhuma ce za ta biyo baya. Kuna da tsarin bitar mutuwar mata masu haihuwa da jarirai da ke aiki a jihohinku. A shimfiɗa irinsa ga duk wanda ya rasu, ko aka mayar wa bututu, ko aka yi wa ceton gaggawa cikin awa 24 bayan maganin barci, ba tare da sunan ma'aikaci ba, a zauna a kai duk wata. Tsarin ƙasa na tiyata da haihuwa da sa barci da aikin nas da aka tsara wa 2019 zuwa 2023 ya riga ya ba ku madogara, kuma kwasa-kwasan SAFE, na horar da masu sa barci na kwanaki kaɗan kan masu haihuwa da yara, suna nan, sai dai a nema a kuma saki ma'aikata su je.

Ina roƙon takardar umarni guda daga kowace hukuma, kafin kasafin kuɗi mai zuwa, mai cewa ba za a fara aikin da ba na gaggawa ba da cikakken maganin barci sai an rubuta sunan wanda zai karɓi mara lafiyan a ɗakin farfaɗowa, an kuma gwada oksijin da na'urar zuƙa a gabansa. Idan kun fita rangadi, ku je ba sanarwa, bayan sallar isha'i, ku ce a nuna muku wanda aka yi wa aiki na ƙarshe a ranar, ku tambayi wa ke kansa, ku sa a buɗe tukunyar oksijin a kuma kunna na'urar zuƙa kuna tsaye.

Allah Ya taya ku riƙo. Na gode.

Naku,
Wani ma'aikacin sa barci a babban asibitin jiha